Bugun Maganaɗisu a Ƙwaƙwalwa: Me Yake Yi wa Ƙwayoyin da Ba na Jijiya Ba?

Shin da gaske ne maganaɗisu yana maganin ciwon damuwa, kuma in har yana yi, mene ne ainihin abin da yake taɓawa a cikin kan mutum? Tambayar ta soma yawo a bakin jama'a a Gusau da Ƙauran Namoda da Talatan Mafara tun da gajerun bidiyoyi suka fara shigowa ta WhatsApp da Facebook, inda ake nuna marar lafiya zaune a kujera idonsa biyu, an kafa masa wata na'ura a gefen goshi tana ta ƙara, likita yana tsaye yana duban allon kwamfuta. Wasu sun ɗauka shokin ɗin nan da aka sani a asibitin masu taɓin hankali aka sauya wa suna, wasu kuma sun haɗa shi da awarwaron maganaɗisu da ake tallarsa a tasha da ranar kasuwa a matsayin maganin hawan jini da sanyin ƙashi. Duka biyun sun kauce hanya. Hatta bayanin da aka saba yi a taƙaice, cewa na'urar tana farkar da ƙwayoyin jijiyar da suka yi sanyi, bai cika ba, domin kusan rabin ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙwaƙwalwa ba na jijiya ba ne, kuma binciken shekarun nan yana nuna cewa waɗannan ƙwayoyi, da ake kira giliya, suna da hannu sosai a cikin abin da na'urar take haifarwa.

Yadda maganaɗisu yake tayar da wuta a cikin kai

Tushen abin yana komawa ne ga shekarar 1831, lokacin da Michael Faraday na Ingila ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa a kusa da abin da wuta take iya bi, wutar lantarki za ta taso a cikinsa ko da babu wayar da ta haɗa su. Da wannan ƙa'ida taransifomar unguwa take aiki, kuma da ita mai naɗin koyil ɗin janareta ko na injin ban-ruwa a Tudun Wada yake cin abinci. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a birnin Sheffield suka nuna cewa ana iya amfani da ita a kan ƙwaƙwalwar mutum mai rai ba tare da an tsaga shi ba. Wannan hanya ce ake kira TMS a taƙaice.

Na'urar tana da akwati mai tara wuta, wanda yake sakin ta gaba ɗaya cikin wata naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ake kira koyil, galibi mai siffar lamba 8, a cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Nan take sai a samu ƙarfin maganaɗisu na tesla 1.5 zuwa 2, wato daidai da na na'urar ɗaukar hoto ta MRI, ya taso ya ɓace. Fata da ƙoƙon kai ba sa tare shi, don haka yana ratsawa ya tayar da 'yar ƙaramar wuta a saman ƙwaƙwalwa, a zurfin da bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Sauyawar nan da sauri ita ce komai. Maganaɗisun da ke zaune a awarwaro bai tashi bai faɗi ba, kuma yana can a wuyan hannu, saboda haka babu wata wuta da zai tayar a ƙwaƙwalwar kowa. Shi kuwa shokin, wanda magani ne na gaskiya mai amfani ga waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, ana yin sa ne bayan an sa mutum barci, a tura wuta kai tsaye ta fatar kai da nufin tayar da jijjiga ta ɗan lokaci. A TMS ba a sa barci, ba a kuma neman jijjiga.

A ranar farko, bayan an toshe wa marar lafiya kunne saboda ƙarar na'urar, likita yakan ɗora koyil ɗin a gefen hagu na kai, daidai sashen da ke sarrafa hannun dama, ya sa shi ya shimfiɗa hannun a kan cinya ya sake jiki. Ana yin bugu ɗaya-ɗaya, ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, ana matsar da koyil ɗin, har sai an ga babban yatsa ya yi zillo da kansa ba tare da mai shi ya nufa ba. Mafi ƙarancin ƙarfin da ya motsa yatsan shi ne ma'aunin wannan mutum, kuma da shi ake auna abin da za a ba shi. Daga nan sai a matsa gaba zuwa saman goshi ta hagu, sashen da yake da alaƙa da tsara tunani da daidaita yanayin zuciya. A tsarin da aka fi sani ana yin bugu 10 a kowace daƙiƙa tare da hutu a tsakani, har a cika 3,000 a cikin kimanin minti 37, kwana 5 a mako, na mako 4 zuwa 6. Marar lafiya yana jin ƙwanƙwasa a fatar kansa, wani lokaci gira ko kunci su ɗan motsa, idan an gama kuma ya tashi ya tafi da ƙafarsa.

Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da TMS don ciwon damuwar da ya ƙi jin ƙwayoyin magani a 2008, sannan don wani nau'in ciwon ɓarin kai a 2013, ciwon waswasi a 2018, da taimakon masu son daina shan sigari a 2020. Akwai kuma wani salo da Ying-Zu Huang da John Rothwell suka bayyana a Landan a 2005, da ake kira bugun tita, inda ake yin bugu uku-uku a jere da sauri, a yi daƙiƙa 2 a huta 8, a cika 600 a cikin minti 3 da 'yan kai. Gwajin da aka yi a Kanada kan mutum 414, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa wannan gajeren salo bai gaza na minti 37 ba: kusan rabin marasa lafiyar sun samu sauƙi mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma alamomin ciwon sun gushe.

A nan ne tambaya mai wuya take. Bugu ɗaya yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, zama ɗaya bai kai sa'a guda ba, amma sauƙin yakan fara bayyana ne bayan makonni, ya kuma ɗore watanni. Wutar da ta zo ta wuce ba za ta iya bayyana wannan ita kaɗai ba. Dole akwai wani gyara da ake yi a hankali bayan an kashe na'urar, kuma masu irin wannan gyara a ƙwaƙwalwa su ne giliya.

Su wane ne giliya?

A ranar hawan Sallah mahayi da dokinsa ake kallo, amma dokin bai fito fili da ƙoshi da sheƙi ba sai da wani ya yanko masa ciyawa, wani ya share barga, wani ya duba kofato ya gyara sirdi. Matsayin giliya ke nan ga ƙwayoyin jijiya, waɗanda su ne suke aika saƙon wuta daga wuri zuwa wuri. Rudolf Virchow na Jamus ne ya raɗa musu suna a 1856, yana ɗaukar su a matsayin abin da ke riƙe ƙwayoyin jijiya wuri ɗaya kawai, kuma wannan raini ya bi su fiye da shekara 100. An daɗe kuma ana rubutawa a littattafan makaranta cewa sun ninka ƙwayoyin jijiya sau 10, har sai da ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a Brazil a 2009 ta nuna cewa ƙwaƙwalwar baligi tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, sauran ƙwayoyin kuma kimanin biliyan 85.

Manyan nau'o'insu a ƙwaƙwalwa uku ne. Na farko astirosait, masu rassa ta ko'ina, waɗanda suke dafe da hanyoyin jini ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma suna lulluɓe da mahaɗun da ƙwayoyin jijiya suke miƙa wa juna saƙo. Su ne suke kai wa ƙwayar jijiya abinci, suke kwashe sinadarin gulutamet da fotasiyam da suka yi yawa bayan an aika saƙo, suke sa hanyar jini ta buɗe a inda aiki ya ƙaru, suke kuma taimakawa wajen tsare katangar da ke hana guba shiga ƙwaƙwalwa daga jini. Astirosait guda ɗaya na ɗan Adam yana iya kula da mahaɗu har miliyan 2. Na biyu maikurogiliya, waɗanda Pío del Río Hortega na Sifen ya bayyana a 1919. Su ne garkuwar jiki ta cikin ƙwaƙwalwa, kullum rassansu suna laluben kewaye, suna cinye matattun ƙwayoyi, suna datse mahaɗun da ba a amfani da su, suna kuma tayar da kumburi idan sun ji cuta. Na uku oligodendirosait, masu naɗe dogayen zaren jijiya da wani abu mai maiƙo da ake kira mayalin, wanda yake sa saƙo ya yi gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa, alhali a zaren da ba shi da naɗin bai cika wuce mita 1 ko 2 ba. Akwai kuma 'ya'yan oligodendirosait da ba su nuna ba, waɗanda suke warwatse a ƙwaƙwalwa har tsufa suna jiran buƙata.

Mutumin Zamfara ya san aikin waɗannan ƙwayoyi ta hanyar ɓarnar da ake gani idan sun lalace, ko da bai taɓa jin sunansu ba. Kuturta tana kashe jin taɓi a yatsu ne saboda ƙwayar cutar tana shiga ƙwayoyin Schwann, wato takwarorin oligodendirosait masu naɗe jijiyoyin hannu da ƙafa. A annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017, wadda ta fi ƙamari a wannan jiha kuma ta kashe fiye da mutum 1,000 a faɗin Najeriya, wani ɓangare na lahanin da ya bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa ya fito ne daga kumburin da garkuwar jiki, har da maikurogiliya, ta tayar wajen yaƙar ƙwayar cutar. Gubar dalma kuwa, da aka gano a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta yi ajalin yara aƙalla 400, tana taruwa a cikin astirosait, tana raunana katangar jini, tana kuma hana mayalin ginuwa yadda ya kamata a ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa.

Akwai wani dalili da ya sa masu binciken TMS suka waiwayi giliya. A 1998 da 1999, ƙungiyoyin masana biyu a Amurka, ɗaya a cikinsu ƙarƙashin Grazyna Rajkowska, sun duba ƙwaƙwalen mamatan da suka yi fama da ciwon damuwa, suka tarar da ƙarancin giliya a sassan gaban ƙwaƙwalwa, ciki har da sashen da ake ɗora koyil a kansa a yau.

Ta wace hanya bugun yake isa gare su?

Ƙwayar jijiya ce ta fi kowa jin bugun, saboda tana da dogon zare, kuma wutar da aka tayar ta fi kama irin wannan zare a inda ya lanƙwasa ko ya ƙare. Giliya ba sa harba saƙon wuta irin nata. Saboda haka mafi yawan masana suna ganin babbar hanyar ta bayan gida ce: bugun ya tayar da ƙwayoyin jijiya, su zubar da gulutamet da fotasiyam da sauran sinadarai, giliyan da ke kewaye su ji ta hanyar makarɓan da ke jikinsu, su amsa. 'Ya'yan oligodendirosait ma, kamar yadda Dwight Bergles ya nuna a 2000, suna karɓar saƙo kai tsaye daga ƙwayoyin jijiya ta mahaɗu nasu na kansu.

Amma akwai alamar cewa hanyar gaba ma a buɗe take. A 2017 ɗakin binciken Jennifer Rodger a Yammacin Ostireliya ya raini astirosait su kaɗai a faranti, babu ƙwayar jijiya tare da su, aka yi musu bugun maganaɗisu mai rauni, sai aka ga kalsiyam ya ƙaru a cikinsu a lokacin da ake bugu 1 a daƙiƙa. Tashin kalsiyam shi ne yadda astirosait yake nuna ya ji abu, kuma shi ne yake iya sa ya saki sinadaran da suke ƙarfafa mahaɗa ko su raunana ta.

Astirosait: amsa ba tare da alamar rauni ba

Abin da aka fara nema a wajen astirosait shi ne shaidar ɓarna, domin idan ƙwaƙwalwa ta ji ciwo sukan kumbura su ƙara samar da wani furotin mai suna GFAP, a ƙarshe su yi tabo. A 1997 Fujiki da Steward sun ga wannan furotin ya nuna alamar ƙaruwa a ƙwaƙwalwar ɓeraye bayan bugu mai sauri da ƙarfi, amma na ɗan lokaci ne ya koma. A 2003 wasu masana a Jamus sun yi wa ɓeraye bugu 1 a daƙiƙa na kwanaki a jere, ba su ga wani tashin hankali a astirosait ko maikurogiliya ba. Wannan ya dace da abin da ake gani a jikin mutane, inda ba a samu shaidar cewa TMS da aka yi bisa ƙa'ida yana lalata ƙwaƙwalwa ba.

A dabbobin da aka jawo wa shanyewar ɓarin jiki kuwa, bincike da dama, mafi yawa daga Sin, sun ba da rahoton cewa bugun yana karkatar da astirosait daga halin da suke zuba sinadarai masu cutarwa zuwa halin da suke kare ƙwayoyin jijiyar da suka rage. An kuma samu rahoto a ɓerayen da aka yi wa irin cutar mantuwa cewa bugun ya inganta wankin ƙwaƙwalwa, wato hanyar da ruwa yake bi ta gefen jijiyoyin jini yana kwashe datti, wadda Maiken Nedergaard ta bayyana a 2012, kuma astirosait ne suke riƙe da ƙofofinta.

Maikurogiliya: gwajin da ya fi kowane ƙarfi

A ganina babu shaidar da ta kai wadda ta fito daga ɗakin binciken Andreas Vlachos a Freiburg ta Jamus a 2023, domin ba tsayawa suka yi ga kallon abin da ya sauya ba, cire abu suka yi su ga ko aikin zai tsaya. Sun ɗauki siraran yankan ƙwaƙwalwar ɓera da ake rainon su da rai a faranti, suka yi musu bugu 10 a daƙiƙa, bayan 'yan sa'o'i mahaɗun ƙwayoyin jijiya suka ƙara ƙarfi kamar yadda aka saba gani. Sai suka sake gwajin a kan wasu yankan da aka riga aka kawar da maikurogiliyansu da magani. Ƙwayoyin jijiyar suna nan da ransu, bugun iri ɗaya ne, amma ƙarfafuwar mahaɗun ba ta samu ba. Da suka bi sawu sai suka tarar cewa bugun yana sa maikurogiliya su saki wasu sinadarai biyu, TNF da IL-6, kuma su ne suke isar da umarnin gyaran.

Abin lura shi ne waɗannan sinadarai biyu an fi sanin su da tayar da kumburi, kuma yawansu a jini yana daga cikin abubuwan da ake gani ga wasu masu ciwon damuwa. Ashe kaɗan daga cikinsu, a daidai wuri da lokaci, kayan gini ne. Wannan ya buɗe wata tambaya da ta shafi asibiti kai tsaye: idan sai da haɗin kan maikurogiliya bugun yake aiki, to mai yiwuwa halin da suke ciki a ƙwaƙwalwar kowane mutum, sakamakon tsufa ko wata cuta ko magungunan kashe kumburi da yake sha, yana daga cikin dalilan da suka sa wani yake samun sauƙi wani kuma bai samu. Hasashe ne mai tushe, kuma shi ake ƙoƙarin gwadawa yanzu.

Oligodendirosait da sabon naɗi

A 2014 Michelle Monje ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa idan aka sa ƙwayoyin jijiyar ɓera suka yi ta aiki, ana samun sababbin oligodendirosait da ƙarin mayalin a wurin. A shekarar ce kuma masana a Landan suka nuna cewa ɓeran da aka hana shi yin sababbin oligodendirosait yakan kasa ƙwarewa a sabon motsi mai wuya. Tunda TMS hanya ce ta sa ƙwayoyin jijiya aiki daga waje, Carlie Cullen da Kaylene Young na Jami'ar Tasmaniya suka gwada ta. A sakamakon da suka fitar a 2019, sun yi wa manyan ɓeraye alama a jikin 'ya'yan oligodendirosait don su bi makomarsu, suka riƙa yi musu bugu mai rauni kullum. Bugun tita mai hutu ya ƙara yawan sababbin oligodendirosait a saman ƙwaƙwalwa, amma bugun tita marar hutu da na 10 a daƙiƙa ba su yi komai ba. Kuma ƙarin bai zo ta hanyar yawan haihuwa ba. A bisa al'ada da yawa daga cikin sababbin ƙwayoyin sukan mutu kafin su fara naɗi, bugun kuwa ya sa da yawansu sun rayu sun nuna.

Ba banza wannan bincike ya fito daga Tasmaniya ba, domin can ne cutar MS, wadda garkuwar jiki take cinye mayalin, ta fi yawa a Ostireliya, kuma masanan sun riga sun kai gwajin ga masu cutar. MS ba ta yawaita a Afirka ta Yamma ba, amma lalacewar mayalin tana biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, da buguwar kai a haɗarin babur, da matsalolin ƙwaƙwalwa na yaran da ke da sikila, waɗanda duk ba baƙi ba ne a asibitocinmu.

Masu ɗoki da masu taka-tsantsan

Masu ɗoki suna cewa idan aka fahimci salon bugun da kowane nau'in giliya yake amsawa, za a iya tsara magani na musamman, wannan don kwantar da kumburi, wancan don gyaran mayalin, ba tare da ƙwayar maganin da za ta bi jini ta taɓa hanta da ƙoda ba. Gwajin Tasmaniya yana ba su hujja, tunda salo ɗaya ya yi aiki biyu ba su yi ba.

Masu taka-tsantsan, waɗanda na fi karkata gare su, suna nuna cewa kusan duk abin da aka lissafa a sama an gan shi ne a ɓera ko a faranti. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, ta mutum kuwa ta kusa kilo ɗaya da rabi, don haka koyil ɗin da yake taɓa ɗan wuri a kan mutum yana mamaye kan ɓera gaba ɗaya. Idan aka ƙera ƙaramin koyil kuma yakan yi zafi da sauri, shi ya sa gwaje-gwaje da yawa suke amfani da ƙarfin da bai kai kashi ɗaya cikin 10 na wanda ake ba mutum ba. Astirosait na mutum ya fi na ɓera girma da yawan rassa nesa ba kusa ba. Sakamakon ma ba ya tafiya baki ɗaya: a wani binciken na ɗakin Rodger, amsar giliya bayan rauni ta bambanta tsakanin ɓeraye maza da mata, kuma akwai rahoton cewa bugu mai ƙarfi yana iya sassauta katangar jini na ɗan lokaci, abin da zai iya zama alheri ga mai son shigar da magani, ya kuma zama abin tsoro ga mai ɗauke da cuta a jini. A ƙwaƙwalwar mutum mai rai ba a iya yankowa a duba, sai dai a dogara da hoto da gwajin jini, waɗanda suke ba da labari daga nesa.

Abin da ya shafi marar lafiya a nan gida

TMS ba ta cikin kayan aikin da aka saba gani a asibitocin wannan yanki, tana buƙatar wuta tsayayya da ma'aikaci mai horo, kuma zuwa kullum na mako 4 zuwa 6 nauyi ne babba ga wanda zai taso daga Shinkafi ko Gummi. Ko a ƙasashen da take da yawa, ba da ita ake farawa ba, sai ƙwayoyin magani da zaman tattaunawa da ƙwararre sun gaza. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, mai fama da rashin barci da yanke ƙauna bayan an tashe su daga ƙauyensu zai fi amfana da ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, inda ake da magunguna masu sauƙin kuɗi da aka daɗe da tabbatar da amfaninsu.

Iyayen yaran da dalma ta taɓa su ne suka fi cancanta a faɗa musu gaskiya, domin labarin gyaran mayalin zai iya sa wani ɗan damfara ya zo musu da hular maganaɗisu. TMS ba maganin gubar dalma ba ce, kuma babu hukumar da ta amince da ita don haka. Abin da ya ceci yara a ƙauyukan Dareta da Bagega shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, daina daka dutsen zinariya a tsakar gida, da maganin da ke fitar da dalma daga jini wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa bayarwa.

Wanda kuma Allah ya hore masa ya je inda ake yin TMS, a Najeriya ko Masar ko Indiya, ya san cewa illolin da aka fi gani su ne ciwon kai da zafin fatar kai a kwanakin farko, babban haɗarin kuwa shi ne jijjiga, wadda ba ta kai mutum 1 cikin 1,000 ba idan an bi ƙa'ida. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai farfaɗiya, da wanda ya kwana bai yi barci ba, da mai shan taramol, domin taramol yana sauƙaƙa tashin jijjiga ko ba tare da na'ura ba, kuma ɓoye wa likita wannan don jin kunya ganganci ne. Tambayar da za a fi nanata masa ita ce ko akwai ƙarfe a kansa ko kusa da shi, kamar na'urar ji da aka dasa a kunne ko maƙalin da aka sa a jijiyar jini lokacin tiyata, saboda bugun yana iya ɗumama ƙarfe ko ya motsa shi. Ga mutanen jihar da ta sha fama da harbin 'yan bindiga, wannan ya haɗa da ɓarɓashin harsashi ko na bindigar toka da ya maƙale a kai ko wuya shekaru da suka wuce, wanda mai shi ya daina jin sa. Duk wanda aka taɓa harbi a sama da kafaɗa ya nemi a yi masa hoton kai kafin a ɗora masa koyil.